Gawa ta Uku daga Hagu

Na baro Solapur da jaka ɗaya
da bargon da Baba ya saƙa da hannunsa.
Shekarata ashirin da biyu,
a aljihuna hotunan fuskata goma sha biyu,
kowanne na murmushi kamar an biya shi.

Mumbai ba ta tambayi sunana ba.
Jirgin ƙasa ya haɗiye ni a Dadar, ya tofar da ni a Andheri,
takalmi ɗaya a ƙafata,
ɗayan ya zarce Borivali ba ni.

Mu shida ne a ɗaki, fanka ɗaya.
In ka ji hirarmu da dare, dukanmu taurari ne.
Gari na wayewa Firdos ya tafi sayar da layin waya,
Jagdish ya tafi wanke kofuna,
ni kuwa in tsaya gaban injin fotokwafi
ina fitar da fuskokin wasu, hamsin-hamsin.

Layin gwaji ya fi layin famfo tsawo.
Ka riƙe allo a ƙirji: suna, tsayi, lamba.
Juya dama. Juya hagu. Yi dariya.
Yanzu yi kuka, amma kada fuskar ta ɓaci.
"Za mu kira ka."
Sau arba'in da ɗaya na rubuta wannan alkawari,
sai damina ta jiƙa littafin, na huta da ƙirga.

Madam Pervin, tsohuwa mai koyar da wasa
a saman wani shagon kifi a Versova,
ta dube ni ta saman tabarau ta ce:
"Onkar, hannayenka sun cika surutu.
Kana tallan baƙin ciki kamar mai gyaɗa a tasha.
Zauna. Ɓare lemon nan.
Kada ka nuna min komai, ɓare shi kawai."
Wata biyu ina ɓare lemo,
ina biyanta da kuɗin abincin rana.

Ran wata Talata waya ta yi ƙara.
Na samu aiki: gawa.
Ta uku daga hagu, a barandar asibiti,
ba suna, ba magana,
rupi ɗari takwas da shinkafa a leda.

Suka shafa min toka a leɓe,
na miƙe kan siminti.
Ashe mutuwa ma aiki ce.
Ƙirji na son tashi, ido na son leƙe,
ƙuda ya sauka kan hancina
yana wanke hannuwansa a tsanake.
Sau tara jarumin ya manta maganarsa,
sau tara na mutu daga farko.
A na goma na tuna lemon.
Na saki kafaɗa, na saki fuska, na saki son a gan ni.
Fitilu na gasa goshina, takalma na wucewa ta kunnena,
ban zama kowa ba,
kuma ranar ce na fara wasa ban yi ƙarya ba.

Bayan wata huɗu aka nuna a talabijin.
Sakan shida.
Layinmu duka ya taru a shagon Bhalerao tela.
Ko minti ba a yi ba Inna ta kira,
muryarta na rawa: "Yi magana."
Na ce, Inna, ai wasa ne.
"Na sani. Kai dai yi magana. Me ka ci yau?"
Na lissafa mata: burodi, dankali, shayi biyu.
Can bayanta na ji tarin Baba,
mutumin da bai ce min uffan ba
tun ranar da na bar masa masaƙa.
Ya ce a faɗa min
ƙafata ta hagu ta ɗan motsa.

Gobe ƙarfe bakwai akwai gwaji a Goregaon.
Suna neman yaron da zai shigo da tire,
kuma wannan karon akwai magana, kalma uku.
Na wanke riga, na shanya a taga.
Firdos ya yi barci da takalminsa.
Ina tsaye a duhu, murfin tukunya a tafin hannuna,
ina maimaitawa ƙasa-ƙasa don kada in tashe shi:

Ga shayi, yallaɓai.

A'a. Hannun ya yi surutu.

Ga shayi, yallaɓai.