Kilo Ashirin da Uku

Baba ya aro sikeli a Faringada,
irin wanda ake auna dankali da shi,
ya rataye shi a reshen gwabar tsakar gida,
ya ce, "Zakiyya, kawo jakar mu gani."
Allura ta yi rawa, ta tsaya a talatin da ɗaya.
Takardar jirgi kuwa ashirin da uku ta ce,
ba ta san tayi ba, ba ta san gyara ba.

Sai muka shimfiɗa tabarma muna rage ni.

Takalman biki suka fara fita,
sai littafin unguwarzoma mai kauri,
wanda na cika da jan biro tun muna makaranta a Vom.
Sagiru ya damƙe rigar sanyina,
wai Gambiya zafi ce, me zan yi da ita?
Na bar masa, amma sai da na shinshini wuyanta:
hayaƙin gawayi, ruwan Agusta,
da safiyar Jos mai sa haƙori kaɗawa.

Inna ta ƙulle daddawa cikin leda uku,
ga kuka, ga yaji, ga kuɓewa busasshiya.
Baba ya fitar, ta mayar.
Ya sake fitarwa, ta bi shi da harara:
"'Yata ba za ta sha miyar da ban san sunanta ba."

Da la'asar Ngo Chundung ta leƙo ta kan katanga,
ta miƙo acca mudu biyu a ɗankwali.
Ni na karɓi jikarta a daren dokar hana fita,
da hasken waya da ruwan zafin tukunya ɗaya.
Ta riƙe hannuna, ta juya shi kamar mai duba atamfa,
ta ce, "Aro muka ba su.
Ki dawo mana da shi."

Kawu Tanimu bai zauna ba.
"Nawa za su biya ki?"
Na ce aikin sa kai ne, abinci da makwanci.
Ya yi dariya: "Sa kai ya fi bauta ciwo.
Matan Dilimi sun gama haihuwa ne?"
Ban ba shi amsa ba.
Tambayar ta shige jaka ba ta bi ta sikeli ba,
kuma na san da ita zan sauka.
Abin da na sani kawai,
an ce akwai ƙauye bakin kogi,
ɗakin haihuwa ɗaya, gado biyu,
wata takwas babu mai karɓa.

Dantsena na ciwo inda aka yi allurar shawara.
Fasfo yana ƙarƙashin filo.
A bayan ambulan na jera kalmomi bakwai na harshensu:
sannu, numfasa, yunƙura, ruwa,
mace ce, namiji ne.
Ta bakwai ita ce yi haƙuri.
Na haddace ta, ina roƙon Allah
kada bakina ya saba da ita.

Bayan isha'i allura ta tsaya inda ake so.
Baba ya daɗe yana kallonta.
Ya kwance sikeli, ya saɓa a kafaɗa,
wai zai mayar wa mai shi, cikin daren nan,
alhali kasuwa ta tashi tun magariba.
Babu wanda ya hana shi fita.

Asuba, yayyafi, mai keke na hon a ƙofa.
Motar Abuja ba ta jiran mai sallama biyu,
kafin hantsi za mu gangara Hawan Kibo,
kunnuwa su toshe, duwatsu su koma baya.
Na ɗaga jakar.
Ta fi jiya nauyi.
Ƙamshin daddawa na fitowa ta bakin zif.
Inna tana gyara murhu, ta ba ni baya,
tana hura wutar da ta riga ta kama.