Rarar Da Na Ninke Ciki

Bazara ta sauka Bolari ba sallama.
Tun hantsi kwanon ɗaki ke ƙara kamar ana gasa shi,
kwana uku ba wuta,
randa ma ta gaji, ruwanta ɗumi.
Na jawo keken Inna zuwa inuwar dalbejiya,
na ɗiga masa mai, na goge tsatsar ƙafarsa.
Ya yi tari sau biyu, sannan ya gane ni.

Kaya kashi biyu a kan tabarma:
na dama na Baffa,
na hagu na Hammadu.

Baffa ya dawo daga asibiti da rabin jikinsa.
Kaftanin boyel ɗin nan ruwan ƙasa,
wanda Manu tela ya ɗinka masa shekarar da ya ajiye aiki,
yanzu iska ce ke sa shi,
Baffa rakiya kawai yake yi.
Kafaɗa ta zubo har damtse.
Aljihu ya yi nisa, sai ya sunkuya kafin ya taɓa carbinsa.
Ya ce, "Dudu, shadda ta fi ƙarfina a zafin nan.
Rage mini wannan in sha iska."

Na ce ya miƙe. Ya dafa bango.
Tef ya zagaye ƙirjinsa ya dawo da saura mai yawa,
na danne lambar da babban yatsa
don kada ya karanta.
Shekara talatin da ɗaya yana koyar da lissafi.
Ya ce, "Nawa?"
Na ce, "Tef ɗin ya tsufa, lambobin sun goge."
Ya yi mini murmushin da yake wa ɗalibin da ya saci amsa.

Hammadu kuwa,
wandon bara ya tsaya masa a ƙwauri
kamar mai shirin tsallake kwata.
Na sa reza na farke kalmasa,
zare na fita ɗaya bayan ɗaya,
sai ga yadin da na ɓoye, yatsa uku,
launinsa sabo fil,
bai san rana ba, bai san sabulu ba.
Na zuba garwashi a dutsen guga, na danna, na sake dannawa,
tsohon layin ya ƙi tafiya.
To, zauna. Ka zama shaidar inda yaro ya tsaya bara.

Aikin yinin ke nan:
a saki nan, a kama can,
zufa na bin gwiwar hannu tana ɗiga kan ƙyalle.

Adda Yelwa ta leƙo ta katanga da mangwaro a kwano.
"Yanke rarar mana.
Nauyi za ta yi masa, ga zafi.
Ko tsumman goge keke kin samu."
Taƙi guda ta kowane gefe, na riga na ja da alli.
Almakashi na hannuna, bakinsa a buɗe.

Inna takan ce, tana lasar bakin zare:
mai yanka ya gama magana,
mai ninki yana jiran amsa.

Na ajiye almakashi.
Na ninke rarar ciki, na kwantar da ita,
na bi ta da ɗinki mai faɗin taku,
irin wanda reza ke farkewa
kafin shayi ya huce.

La'asar sakaliya ya sa kaftanin.
Kafaɗa ta koma gidanta,
carbi ya dawo kusa da hannu.
Ya shafa gefensa a hankali,
yatsunsa suka tsaya kan kaurin nan.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Hammadu ya wuce a guje da wando har idon sawu.
Can gabas, wajen Dadin Kowa,
wani ɗan gajimare na gwada sa'arsa.

"Dudu," in ji Baffa,
"furar yau, a dama ta da kauri.
Kuma a ƙara ludayi biyu."