Farantin Eusebio

A Paita, babana Eusebio Querevalú
yana da farin faranti ɗaure da igiya.
Ba a cin abinci a cikinsa.
Da asuba yakan zura shi cikin teku
yana awo da hannu: gaba ɗaya, biyu, uku.
In ya ɓace a ta uku
sai ya yi dariya: Nélida, gona ta yi.

Wace gona? Ni ruwa nake gani,
kore, gurɓatacce, mai sanyin cizon yatsa.
Ya ce iskar kudu ce manomiyar.
Tana kora ruwan sama-sama can nesa,
na ƙasa ya taso da takin duhu,
ruɓin duk abin da ya mutu ya nitse.
Taki a ƙasa, rana a bisa,
ba sa haɗuwa sai an yi musu dalili.
In sun haɗu, tsiro ya tashi,
ƙanana, ido ba ya raba wannan da wancan.
Su ne hatsin.
Kifi ya ci, kwasakwasa ta ci kifi
ta shafe dutse da farin kashi,
mu mu ci, mu biya bashin mai.

Bana iskar ta kwanta tun kafin Kirsimeti.
Ruwan ɗumi ya gangaro daga arewa
ya zauna kan na sanyi kamar murfin tukunya.
Teku ta yi shuɗi garau,
baƙi suna ta ɗaukar hoto.

Baba ya zura faranti.
Gaba goma, yana nan.
Sha biyar, yana kallonmu,
fari fat, kamar wata a rijiya.
Igiyar ta ƙare, bai ɓace ba.
Ga wuta, in ji shi, ba abin dafawa.

Sati uku taru na dawowa da nauyin ruwa kawai.
Tsuntsaye sun bar ƙwai a kan dutse.

Amma bayan gari, inda rairayi ya shekara bakwai
bai ga ɗigo ba,
sama ta tsage.
Ciyawa ta kai gwiwa, awaki sun yi sheƙi,
gwaggo Otilia ta shuka wake
a wurin da muke shanya taru.

Daren jiya Baba ya kwance igiyar.
Ya wanke farantin da ruwan daɗi,
ya miƙa mata, bai ce komai ba.
Ta zuba wake.
Yana ci, kunnensa na wajen taga
ko iskar kudu za ta motsa.