Libarbar Orval

A ƙarƙashin gadon kakana Orval, can bayan garin Lander,
inda iskar Wyoming ke cire maka hula tun ba ka yi sallama ba,
akwai akwatin katako, cikinsa jan ƙyalle,
cikin ƙyallen libarba na kwance.
Shekara arba'in da bakwai ba ta ce uffan ba.

Maruƙa uku ya sayar ya sayo ta.
Kakata Verna ta yi wata guda
tana ajiye masa kofi ba sukari, ba magana.

Duk Lahadi in an taso coci
sai ya sa farar safar hannu,
ya ɗauko ta kamar jinjirin da ba a yi wa suna ba,
ya ɗiga mai, ya goge, ya ɗaga ta ga hasken taga.
Shuɗin ƙarfen nan, har haƙoranka kake gani.
"Ido kawai, Tess," yake ce mini,
"gumin yatsa uwar tsatsa ne."

Lyle Brandvold, abokinsa tun suna korar shanu a kan dawaki,
ba ya zama bai tsokane shi ba:
"Dokin da ya tsufa a turke, wa zai shaidi gudunsa?
Maƙerin da ya huda ramukan nan shida
ba don gizo-gizo ya huda su ba."
Kakana ya ce, "Waɗanda aka harba sun cika kasuwa.
Ƙirga mini waɗanda ba a harba ba.
Ajiya maganin wata rana."
"Wace ranar?" in ji Lyle. "Nuna mini ita a kalanda."

A haka suka yi furfura.
Gardamar ta riƙe su fiye da yadda zumunta ke riƙe wasu.

Wani dillali ya taɓa zuwa daga Denver,
da gilashi manne a ido ɗaya.
Ya leƙa bakinta, ya haɗiye yawu,
ya faɗi kuɗin da zai sayi sabuwar akori-kura.
"Amma ko gangar kada a juya," ya ce.
"Juyi ɗaya, zane ɗaya, rabin kuɗin ya tafi."

Watan Oktoba muka binne Lyle.

Washegari na tarar da kakana a bakin shinge,
ƙanƙara ta yi wa ciyawa fari,
akwatin a buɗe, safar hannun ba ta nan.
Ya ɗora gwangwanin wake a kan gungume,
ya zura harsashi guda cikin shidan da suka zo tare da ita.
Hannunsa na rawa. Ban riƙe masa ba.
Ya ɗana.
Na toshe kunne.
Ya ja kunama.

Ƙas.

Shi ke nan. Ko hankakan da ke kan waya bai tashi ba.
Albarushin ya riga Lyle mutuwa, ba wanda ya sani.

Kakana ya dubi bindigar, ya dubi sama,
ya yi dariya har ya dafa shinge,
har dariyar ta koma wani abu
na juya baya na bar shi da shi.
"Ka ji ko, tsohon banza?
Ita ma bayana take bi."

Yanzu tana wurina.
Ga siririn zane ya kewaya gangar kamar zaren gashi,
ga tambarin babban yatsansa ya fara yin ja a gefe.
Dillalin ya ce an ɓata ta.
Ƙanena Curtis ya ce tunda an ɓata, a sayo sabon harsashi,
a ji muryarta ko sau ɗaya.

Ni dai ban goge yatsan ba.
Harsasai biyar na cikin ƙyalle,
gwangwanin na kan gungume har yau, ya yi tsatsa,
ba huji ko ɗaya.