Makulli Ɗaya

Awa goma daga Houston, Tasalla na tuƙi,
ni ina ɓare mana gyaɗa a cinya.
Rediyo ya ɗauke tun bayan Alpine,
sai ƙarar taya da numfashinmu.

Mun saba shirya baki kafin mu shiga gari:
ni 'yar'uwa, ita ƙawa,
ko abokan aiki a asibiti ɗaya,
wanda gaskiya ne, rabin gaskiya.
Gado biyu muke kamawa ko'ina.
Da asuba in tashi in yamutsa na biyun,
in danne matashi, in karkace bargo,
kada mai shara ta yi lissafi.
Shekara goma sha ɗaya ina sa gado shaidar zur.

Terlingua. Gari ne ko kufai, ban tantance ba.
Ɗakunan dutse babu rufi,
maƙabarta a bakin hanya, katakonta ya sha rana ya kode,
wani kare kwance a tsakiyar titi
bai ga dalilin tashi ba, mu muka kauce.

Mai masaukin tsohuwa ce, Darlene,
tabarau rataye a wuya da igiyar takalmi.
Na buɗe baki zan kawo hadda,
ta dube ni, ta dubi Tasalla,
ta dubi jakata a kafaɗar Tasalla,
ta miƙo makulli ɗaya.
"Lamba huɗu. Gadon babba ne, taga na kallon dutse.
Ku zazzage takalma da safe, akwai kunama.
Matarki kofi take sha ko shayi?"

Matarki.
Kalmar ta tafi kamar guga a rijiya gaba dubu,
na tsaya sauraren ƙarar ruwa.
"Shayi," in ji Tasalla, "sukari uku."

A gida akwai sunan da ake kiran irinmu,
a tofar da yawu kafin a faɗa, a tofar bayan an faɗa.
Har nan na zo da shi, can ƙasan akwati.
Ba wanda ya ce in buɗe.

Washegari muka shiga Big Bend.
Wata ƙaya tsaye kamar damin bulala,
ka rantse ta mutu tun bara,
amma kan kowane tsinke ja, kamar ta kwana da lalle.
A Santa Elena kogi ya tsaga dutse biyu,
wancan bango Meziko, wannan Amurka,
ruwan da ya raba su bai kai mini gwiwa ba.
Wata mata mai goyo ta ce ta ɗauke mu hoto.
Duk hotunanmu akwai gurbin mutum guda a tsakani,
kamar muna jiran wani ya iso.
"Ku matso mana," ta ce. "Ƙara. Yawwa."
Kunnen Tasalla ya taɓa kumatuna, da zafin rana a jikinsa.

Da magariba mutanen garin suka jeru a barandar kanti,
suka ba faɗuwar rana baya,
dutsen gabas suke kallo yana zama garwashi.
Muka zauna cikinsu. Wani ya matsa mana benci, bai ko ɗago ba.
Ashe rashin kallo ma kyauta ne.

Dare ya zubo taurari har sun yi yawa.
Na gano Kaza da 'Ya'yanta,
ita ce dai ta saman ɗakin Inna a Funtuwa.
Waya ba ta kamawa a nan.
Saƙon Inna na can a hanya, na san abin da ya ƙunsa,
na san kuma da ƙauna ta rubuta shi.
Wannan ne ba ni da inda zan ajiye.

Asuba ta tashe ni kamar kullum,
hannuna ya tafi neman gado na biyu,
ya tarar da bango.
Na zauna. Na ɗauki takalmin Tasalla na zazzage.
'Yar kunama ta faɗo, launin tsaki,
ta ɗaga wutsiya, ta yi shawara,
ta bi ta ƙarƙashin ƙofa ta tafi harkarta.

A dokin ƙofa, faranti da kofuna biyu,
ɗaya da sukari uku a gefe.