Abin da Jerin Bai Ce Ba

Yaya Ilu ya turo jeri daga Duwala:
ki duba banɗaki, ki duba gado,
ki tambayi kuɗin wata, ki ƙirga ma'aikata.
Na kwafe a bayan takardar magani,
na hau babur zuwa gidan tsofaffi,
can ƙarshen Garwa, inda kwalta ta gaji ta tsaya.

Ban gaya wa kowa ba.
Bakin unguwa ya fi aska kaifi:
"'Yar Tanimu za ta kai ubanta ajiya."
Ai ba su suka tsinto shi ba
a bakin Binuwai da asuba, ƙafa ba takalmi,
yana tambayar masunta ko sun ga motarsa,
motar audugar da aka sayar tun ina goye.

Ofis tsaf, an kunna turaren wuta.
Na san turare: akwai na ƙamshi, akwai na rufin asiri.
Sai na bar hancina ya yi mini jagora.
A ɗaki na huɗu ya samo zarni,
na daren jiya ne, ba na bara ba,
irin wanda ni ma nake fama da shi a gida.
Ban rubuta ba.

Madam Astajam tana ta lissafi:
jaka tamanin a wata, likita ran Talata,
kunun gyaɗa da safe, kifi sau biyu a mako.
Ni kuwa farce nake kallo.
Farcen tsoho ba ya iya ƙarya.
Na ga yankakku, na ga yankakku,
na ga na wani dattijo sun yi zaƙo-zaƙo, baƙi ƙirin.
Ta ce, "Wannan ba ya yarda, yana cizo."
Wataƙila.

"Da dare mutum nawa ke kwana da su?"
Ta yi jim.
"Biyu. In ɗaya ta yi rashin lafiya, ɗaya."
Tsofaffi goma sha tara.
Na rubuta, na ja layi har biro ya huda takarda.

Ina shirin tafiya,
sai wata tsohuwa a gindin darbejiya ta ƙwala kira:
"Kande!"
Yarinyar da ke shanya ta juyo.
Debora sunanta, yanzu na ji an kira ta.
Ta ce, "Na'am, Inna."
"Kin ɗaure akuyar?"
"Na ɗaure, har na ba ta dusa."
Babu akuya a gidan.
Kande ma, aka ce, shekara talatin tana ƙasa.
Tsohuwa ta gyara zani, ta koma gyangyaɗi.

Na tuna kaina.
Kullum sai na ce, "Baba, ba mota, an sayar."
Kullum sai ya yi sabon kuka,
ni kuma ina ganin gaskiya nake tsarewa.

A bakin ƙofa kwaɗo ƙato, bai yi mini daɗin gani ba.
Amma maigadi, Bappa Sanda,
yana da damin tsofaffin makullai a aljihu,
ba abin da suke buɗewa.
Ya ce, "Na masu neman hanya ne.
In mutum ya riƙe, sai ya zauna mu yi hira."

Ban sa hannu ba.
Zan dawo daren Alhamis ba sallama,
in ga fitila nawa ke ci,
in ji wa ke amsawa in an yi kira ƙarfe biyu.

Na rubuta wa Ilu: banɗaki ba laifi, gado da shinge,
na dare sun yi kaɗan.
Na nemi inda zan sa "na'am" a jerinsa, babu.

A gida na tarar da Baba a zaure, ya sa hula.
"Baiwar Allah, ko kin ga makullina?"
Na durƙusa, na kama hannunsa, na dubi farcen.
Na ce, "Suna wurin maigadi, Baba.
Mota na shan mai. Ci tuwo tukuna."