Inda Hayaƙi Ya Fita

Fitilar nan mai ruwan ɗorawa
ta kwana goma sha ɗaya a kunne
a motar Baba Whitlock,
akori-kurar da ta girmi ɗana.
Inji lafiya lau.
Sai warin fetur da safe, kaɗan,
kamar gulmar da ba a san mai ita ba.

Na murɗa murfin tanki, ya yi ƙas-ƙas.
Ba shi ba ne.
Na busa bawul, ya riƙe iska.
Gwangwanin gawayi kuwa
gishirin titunan Cleveland ya gwaigwaye shi,
amma bai huje ba.

Na rufe ƙofar gareji,
na tura farin hayaƙi cikin bututu,
na kwanta rigingine a kan kwali da tocila.
Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Can bayan tanki siririn zare ya taso:
tiyo ya tsage, tsawon farce.

Dala shida, na ce.
Ya cire hula, ya daɗe yana sosa sanƙo.
Matarsa ce ta fara jin warin tun bara,
ya ce mata hancinta ne.
A watan Maris ta rasu.